Bawul ɗin kariya ko tankin iska: wanne hitar ruwa ta fi buƙata?

Alhaji, ka ce tun da sanyin Madina ya shigo kuka kunna hita, bawul ɗin da ke bututun ruwan sanyi yake ɗiga. Mai gyaran famfo ya ce a ƙara tankin iska, maƙwabcinka kuma ya ce a toshe bakin a huta. Don girman Allah kada a toshe.

Ruwa in ya ji zafi kumbura yake yi. Daga digiri 20 zuwa 70 yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, wato hita mai lita 80 tana samun rarar lita ɗaya da rabi. Rarar nan ba ta da hanyar komawa baya, domin yawancin bawulolin nan suna hana ruwa komawa bututu.

Tankin iska shi ke karɓar ta. Roba ce ta raba cikinsa biyu, ruwa gefe, iska gefe. Ruwan ya kumbura sai ya danne iskar, ya huce sai ta turo shi. Aikinsa na kullum ke nan, muddin an daidaita iskarsa da ƙarfin ruwan gidan, musamman inda dinamo, wato injin tura ruwa, ke aiki. Bakin iskarsa irin na tayar mota ne: ka danna, in ruwa ya fito, robar ta yage.

Bawul kuwa ranar hatsari aka yi shi dominta. Yana buɗewa ne in matsi ya kai lambar da ke rubuce a jikinsa, galibi bar 8 a irin hitocinmu (bar ma'aunin matsi ne). In abin da ke kashe wuta ya lalace, ruwan da ke a matse yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba. Hitar na tsagewa ya rikiɗe tururi, wanda ke cin wuri fiye da ninki 1,600. Babu tankin iskar da zai shanye wannan, kuma a banɗaki ake rataye hita, inda yara ke shiga.

Saboda haka a wurina bawul dole ne, tanki kuwa ƙari ne mai kyau da ke sauƙaƙa wa bawul da hitar wahala. In ɗigar lokacin ɗumama ce kawai, lafiya lau, a sa masa siririn tiyo zuwa magudana. In har hita na kashe yana zuba, to ko dinamo ya yi ƙarfi, ko gishirin ruwa ya taru a bakin bawul ɗin. A rage matsin ko a sauya bawul ɗin da mai lamba iri ɗaya. A riƙa ɗaga hannunsa duk wata don kada ya ƙage, kuma kada a yarda a sa wani makunnin famfo tsakaninsa da hita.