Me za ka fara saya idan kana son bin sawun tauraron ɗan'adam mai zagayen ƙwai?

Mai gyaran dish a Kano sau ɗaya yake saita kwanonka, ya ɗaure kusoshi, ya tafi abinsa. Dalili kuwa shi ne taurarin talabijin irin su Nilesat da NigComSat-1R suna kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya (ikwaita), tafiyarsu ta yi daidai da juyawarta, shi ya sa kullum suna wuri guda. Wanda nake magana a kai ba ya zama. Hanyarsa siffar ƙwai gare ta: ya kusanto duniya har ya kusa shafar iskarta, sannan ya lula can nesa.

Ɗauki irin wannan hanyar da ake kira falakin Molniya, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da shi a 1965. Zagaye ɗaya kusan awa 12 ne, karkatarsa digiri 63.4. A kusa, tsakaninsa da ƙasa ɗaruruwan kilomita ne kawai, yana gudun kusan kilomita 10 a daƙiƙa. A ƙololuwa ya kai wajen kilomita 40,000, gudun ya koma kusan ɗaya da rabi. Tun 1609 masanin taurari Kepler ya bayyana wannan a kan duniyoyi: na kusa sauri, na nesa nawa. A nan dabarar sayayya take, domin yawancin lokacinsa yana can sama yana jan ƙafa, awanni da dama kamar an rataye shi. Daga Kano, mu da muke digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ta arewa za ka neme shi.

Abu na farko ba ya cin ko kwabo: manhaja. A wayar Android akwai Look4Sat da Heavens-Above, a kwamfuta akwai Gpredict. Heavens-Above ya fi wa mai son kallo da ido daɗi, yana nuna taswirar taurari da lokacin wucewa. Look4Sat ya fi dacewa da mai sauraren rediyo, kuma da zarar ya sauko da bayanai yana aiki ko babu data, abin da ba ƙarami ba ne a yanayin da muke ciki. Gpredict shi ne na wanda ya ɗauki abin da gaske, yana iya sarrafa rediyo da injin juya eriya. Dukkansu da abu ɗaya suke lissafi, wato layuka biyu na lambobi masu bayyana hanyar tauraron, da ake kira TLE, waɗanda shafin CelesTrak ke bayarwa kyauta. Ka riƙa sabunta su duk bayan 'yan kwanaki. Tauraron da ke saukowa kusa yana gogar iska, Wata da Rana kuma suna jansa idan ya yi nisa, saboda haka tsohon TLE zai nuna maka inda babu komai. Ka shigar wa manhajar da matsayin Kano, wato 12.0 arewa, 8.5 gabas, ka tabbata agogon wayarka daidai yake.

Madubin hangen nesa kuwa, 7x50 ko 10x50 ya isa, kuma za ka sha kallon tashar sararin samaniya ta ISS da wasu na kusa bayan magariba. Amma kada mai shago ya ce maka za ka hango na Molniya a ƙololuwarsa, ba zai yiwu ba. Ga hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da ke rufe sararin Kano ruf.

Inda kuɗi ya cancanci fita shi ne na'urar kama sigina. RTL-SDR ƙarama ce kamar filas, ana soka ta a kwamfuta ko waya, tana ji har zuwa kusan megahaz 1,700. Jabunta sun cika kasuwar intanet, kuma a ido ba ka bambance su. Abin dubawa shi ne TCXO, ɗan agogon ciki da zafi ba ya rikita shi. Wanda ya san Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi: marar TCXO tana ɗumama sai mitar rediyon da take kamawa ta zame, ga kuma zamewar da gudun tauraron kansa ke jawowa, ka rasa wanne ne wanne. Airspy da SDRplay sun fi ta tsabtar ji, sun kuma fi ta tsada nesa. Ni dai shawarata, sai ka ƙure RTL-SDR tukuna. Kebul ɗin OTG na haɗa ta da waya, da fawa bank, kana samu a Farm Centre ko Beirut Road.

Sai injin juya eriya, irin Yaesu G-5500. Kaya ne mai kyau, amma an fi bukatarsa ga na kusa da ke keta sama cikin minti goma. Ga mai zagayen ƙwai, yayin da yake ƙololuwa, hannunka ya wadatar. Tsohon kwanon dish, bututun ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, maƙeri ya yi maka mahaɗa mai juyawa, sai kamfas da ma'aunin kusurwa na waya. Ka ɗan taɓa shi lokaci-lokaci, shi ke nan. LNB ɗin talabijin dai, wato abin karɓar sigina da ke gaban kwanon, cire shi za ka yi, don na gigahaz 10.7 zuwa 12.75 ne, ka fara sanin mitar tauraron da kake nema kafin ka haɗa wa kwanon abin karɓa. Idan kuma watsawa za ka yi ba saurare kaɗai ba, wannan sai da lasisi.

Kafin ka biya maƙeri, hau saman soro ka duba arewa. In benen maƙwabci ya tare, sai ka nemi wani wurin kafa bututun.