Birkin faifai na kuka da karkarwa: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bari

Ranar da birkin gaban kekena ya fara kuka, ina gangarowa ne daga wajen duwatsun unguwar Birni a Damagaram da sassafe, tsakiyar hunturu. Ina matsa hannun birki sai wata ƙara mai tsini ta tashi, awakin bakin hanya suka watse, kan keken kuma ya dinga karkarwa a hannuna kamar mai masassara. Ban tsaya bincike ba, na wuce kasuwar Dole na sayi sabon takalmin birki na sa. Kwana uku kukan ya dawo. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, shi ya sa nake so duk mai keken hawan tsauni ya san abin da zai duba kafin ya zaro ko dala.

Wani dattijo mai gyaran keke ne ya gano mini matsalar. Bai kwance komai ba. Farin ƙyalle ya ɗauka ya goga a faifan ƙarfen da takalmin birki ke matsewa, ya nuna mini: baƙi ƙirin, yana maiƙo.

"Ɗana, wa ke wanke maka keken nan?"

"Baba, wurin masu wankin babur nake kai shi."

Ya girgiza kai. Tsumman da aka goge sarƙa da shi, shi aka goga wa faifan. Takalmin birki kuwa yana shan mai kamar yadda yashi ke shan ruwa, don haka sabon da na saya ma ya lalace tun ranar farko, domin na ɗora shi a kan faifai mai datti.

Kuka daban, karkarwa daban. Kuka yawanci daga mai ne, ko daga takalmin da fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli. Karkarwa kuwa tana nuna wani abu ya saki ko faifan ya lanƙwashe. Ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, to wuyan ne ya saki, birkin ba ruwansa. Ka duba maɗaurin ƙafar, ka duba kusoshi biyu da ke riƙe gidan takalmin, ka duba shidan da ke riƙe faifan. Sannan ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka sa farar takarda a ƙasa kana leƙen tsakanin takalman biyu. Faifan da ya karkace za ka gan shi yana kai-komo yana shafar gefe ɗaya. In gidan takalmin ne bai zauna daidai ba, ka sassauta kusoshinsa biyu da makulli mai kusurwa shida na milimita 5, ka matse hannun birki, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi ba tare da ka saki ba. Duk wannan ba ya cin ko sisi.

Sayayya ta farko, kuma mafi araha, ita ce alkol na kantin magani da takardar sanfefa mai laushi. A wanke faifan da alkol da ƙyalle mai tsabta, a shimfiɗa sanfefa a kan shimfiɗaɗɗen abu a goga takalmin har ƙyallin ya gushe. Kada a kusanto da kananzir, ko gas, ko man fesawa na cire tsatsa. Amma in takalmin ya riga ya jiƙe da mai, kada ka wahalar da kanka: zai yi shiru kwana biyu ya koma. Na ga masu ƙona shi a wuta don man ya fita. Ban yarda da wannan ba, domin zafi na iya raunana abin da ya manne fuskar takalmin da ƙarfen bayansa, kuma birki ba wurin gwaji ba ne.

To, in sayen takalmi ya zama dole, a nan ne zaɓin gaske yake. Iri biyu ne manya. Akwai na ƙaro, wanda aka haɗa zare da wasu sinadarai aka daskarar da su. Za ka ga an rubuta "resin" a jikin kwalinsa. Shi ne mai shiru, yana kamawa tun daga matsawar farko, kuma ba ya cin faifai sosai. Laifinsa saurin ƙarewa in ya haɗu da yashi da ruwa. Akwai kuma na ƙarfe, wanda aka matse garin ƙarfe da zafi aka yi shi. Yana daɗewa, yana jure zafi, amma ya fi surutu, musamman in ya jiƙe, kuma yana cin faifai da sauri. Akwai na tsakiya mai ɗan ƙarfe a ciki, shi ma ba laifi.

Masu sayarwa kan yabi na ƙarfe saboda juriyar zafi, sai dai wannan amfani ne ga wanda ke gangaren tsauni na kilomita da yawa yana riƙe da birki. Mu a Damagaram ina muka ga irin wannan gangare? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsun namu ƴan gajeru ne. Abin da ke cin birkinmu ƙura ce da yashi. Don haka mai yawo cikin gari, Zango zuwa Birni, Sabon Gari zuwa makaranta, na ƙaro ya ishe shi, kuma in kuka ne ya dame shi, shi ne maganinsa. Wanda ke fita ƙauyuka da damina, watan Yuli da Agusta, yana ratsa laka da jiƙaƙƙen yashi, ko yana ɗora kaya masu nauyi, shi ne zai ci ribar na ƙarfe, da sharaɗin ya haƙura da ɗan surutu. Kuma sai ya duba faifansa tukuna. Faifan Shimano masu araha da yawa, irin su RT26 da RT56, an zana musu a jiki cewa na takalmin ƙaro ne kawai. In ka ɗora musu na ƙarfe, zai sassaƙe su.

Wani abu da ke sa mutane asara shi ne siffa. Takalman birki ba iri ɗaya ba ne, don haka ka ciro tsohon ka sa a aljihu ka tafi da shi. Birkin Shimano MT200, wanda ya yi yawa a kan kekuna masu matsakaicin kuɗi, yana ɗaukar B01S ko magadansa B03S da B05S, kuma birkin Tektro da dama siffarsu ɗaya da wannan. Ka kuma buɗe ido, domin ba duk kwalin da ke ɗauke da sunan babban kamfani ba ne ya fito daga wurinsa. Shimano na cewa a canza takalmi in abin da ya rage a fuskarsa ya kai rabin milimita.

Faifai fa? In lanƙwasar ƴar kaɗan ce, mai gyara zai miƙe shi da sufana mai tsabta, a hankali. Sabo ake saya in ya yi kwari-kwari da farce ke kamawa, ko ya sirance. Na Shimano yana zuwa da kaurin kusan milimita 1.8, kuma iyakarsa 1.5, wannan lambar tana rubuce a jikinsa. Ka lura ko naka mai kusoshi shida ne ko mai zobe ɗaya a tsakiya da ake kira Center Lock, domin ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya kai tsaye. Ka kuma tsaya a girman da ka tarar. Tashi daga milimita 160 zuwa 180 yana ƙara ƙarfin tsayawa, amma yana buƙatar ƙarin maɗauri, kuma ba ya hana kuka.

Canza birkin gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma ba kasafai ake buƙatarsa ba. Birkin da ke aiki da waya kowane mai gyara a garin nan zai iya da shi. Na ruwa, wato mai aiki da mai a cikin tiyo, ya fi laushi a hannu da ƙarfi, sai dai in yana yoyo a kan takalmi, duk sabon da ka sa zai lalace har sai an toshe yoyon. Kuma a kiyaye: Shimano da Tektro man ma'adini suke sha, man birkin mota mai lambar DOT yana lalata robobin cikinsu.

Da na koma wurin dattijon da takalmin ƙaro na biyu, ya wanke faifan da alkol sau biyu kafin ya sa, ya hana ni taɓa fuskarsa da yatsa. Sannan ya ce in hau hanyar Miriya inda kwalta ta miƙe, in ɗan yi gudu, in matsa birki da ƙarfi har keken ya kusa tsayawa, in saki kafin ya tsaya cak, in maimaita kamar sau 20. Haka takalmin ke shimfiɗa wa faifan siririn shafi daidai wa daida. Wajen karo na 10 na ji birkin ya fara cizo sosai, kuma ban ji komai ba sai ƙarar taya a kan kwalta. Tun daga ranar ni nake wanke kekena, da tsumma biyu: ɗaya na sarƙa, ɗaya na faifai.