Shiga kwamfutar gida daga nesa: buɗe ƙofa a rauta ko WireGuard?

Hanya ta farko, ka buɗe ƙofa (port, wato lambar mashigar sadarwa) a rauta ka karkatar da ita zuwa kwamfutar: 3389 don RDP (ganin allon kwamfutar da sarrafa ta daga nesa), 22 don SSH (ba ta umarni a rubuce daga nesa). Dole ka tsayar wa kwamfutar da adireshin IP guda, don in ya sauya ba za ka same ta ba. Babban aibinta, ƙofar a buɗe take ga kowa a intanet, masu kutse kuwa ba sa gajiya da gwada kalmomin sirri.

Hanya ta biyu, WireGuard, manhajar da ke haɗa ka da gida ta ɓoyayyiyar hanya. Ita ma sai an buɗe mata ƙofa a rauta, amma ƙofa ɗaya take buƙata ta UDP (wani nau'in sadarwa), yawanci 51820, kuma ba ta amsa wa marar makulli. Ita ta fi.

Amma in adireshin rautarka na waje ya fara da 100.64 zuwa 100.127, kana bayan CGNAT, wato kamfanin intanet ya haɗa ka da wasu kwastomomi a adireshi ɗaya. Ƙofa ba za ta buɗu ba, sai ka koma Tailscale, manhajar da aka gina kan WireGuard wadda ba ta buƙatar buɗe ƙofa.