Ofishin jigilar abinci daga Kumasi zuwa Yamai: amana akwai, labarin hanya babu

A unguwar Aboabo da ke Kumasi akwai wani ƙaramin ofishin jigila da ke karɓar buhunan abinci daga hannun mutanen zango, ya loda su a manyan motocin da suka sauke albasar Nijar za su koma gida, a kai su Yamai a damƙa wa dangi ko kwamitin masallaci. Kwamitinmu na taimakon 'yan uwa ya daɗe yana hulɗa da wannan ofishi, kuma a ganina aikinsa ya cancanci yabo ta fuskar takardu da riƙon amana, amma yana da rauni sosai wajen cika lokaci da sanar da mai kaya halin da ake ciki.

Ba za a yi wa aikin adalci ba sai an tuna yanayin da ya sa jama'a suka buƙace shi. Sojoji sun hamɓarar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, kuma ranar 30 ga watan shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, suka zauna a Abuja suka rufe iyakokin ƙasa da na sama da Nijar, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Mali a Janairun 2022 ya keɓe abinci da magani da man fetur, amma na Nijar bai zo da irin wannan sassauci ba, shi ya sa hatta motocin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suka maƙale a Malanville, bakin gadar da ke haɗa Benin da garin Gaya na Nijar. Kwamitin Sulhu na Majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 a Disambar 2022 domin kare ayyukan jinƙai daga takunkumi, sai dai hurumin ƙudurin bai wuce takunkuman Majalisar kanta ba, don haka bai tsinana wa talakan Yamai komai ba a lokacin da shinkafa ta yi tashin gwauron zabi.

A waɗannan watanni ne mai ofishin ya nuna halinsa. Gana ba ta da iyaka da Nijar, dole kaya su ratsa Burkina Faso wadda ba ta bi takunkumin ba, kuma wasu dillalai sun riƙa ba da shawarar a rubuta Wagadugu a takarda alhali Yamai aka nufa. Shi kuwa ya ƙi. Ya gaya wa shugaban kwamitinmu, “Alhaji, in aka kama kayan marayu da takardar ƙarya, ba ni da bakin da zan yi maka bayani,” sannan ya mayar mana da kuɗin da muka fara biya ba tare da ya cire kamasho ba. A lokacin wasu daga cikinmu sun ji haushi, domin mai jin yunwa ba ya jiran taron shugabanni, amma wannan ƙin da ya yi ne ya sa muka koma wurinsa bayan ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bisa abin da ta kira dalilan jinƙai.

Janye takunkumin bai gyara hanya ba. Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, tsohuwar hanyar Fada N'Gourma da Kantchari a gabashin Burkina Faso kuma ta zama mai haɗari saboda 'yan bindiga, saboda haka mota kan tashi daga Kumasi ta bi Techiman da Tamale da Bolgatanga, ta tsallaka a Paga, ta kai Wagadugu, sannan ta nufi Kaya da Dori da Tera cikin ayarin da sojoji ke yi wa rakiya. Ayari ba ya tashi sai an tara motoci an samu masu rakiya, kuma wannan jira ba laifin ofishin ba ne. Laifinsa shi ne ya san da haka amma yakan yanka wa mutum ranar isowa kamar hanyar a hannunsa take, idan kuma mota ta tsaya ba mai kiran mai kaya, sai dai ka nemo lambar karen mota da kanka. Ga mai aika sadaka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai gidajen da aka riga aka yi wa albishir.

Wajen karɓar kaya kuwa ban ga abin kushewa ba. Ana ɗora kowane buhu a sikeli a gaban mai shi, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jiki, a ba da rasit, wakilinsu na Yamai kuma ba ya sakin kaya sai ya kira Kumasi an tabbatar. Garin rogo da busasshen kifi sun isa lafiya ƙalau a ƙarƙashin tamfol. Manja ne ya ba mu kunya, don jarka ta fashe ta ɓata buhunan da ke ƙasa, kuma ofishin bai biya diyya ba, ya ce tun farko ba ya lamunin kayan ruwa, sharaɗin da ba a rubuta shi a rasit ba. Da gwamnatin Gana ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya a Agustan 2024 saboda farin da aka yi a arewacin ƙasar, su ne suka fara sanar da mu kafin mu kashe kuɗi a kasuwa.

Wani abin da ya burge ni shi ne ba sa karɓar ƙunshin abincin yara masu tamowa, irin su Plumpy'Nut, idan a kasuwa aka saye shi. Wannan haɗin gyaɗa da madara magani ne da ake bayarwa kyauta a asibiti bisa awon yaro, ƙunshi ɗaya gram 92 ne, kuma duk wanda ka gani a teburin mai talla, akwai yiwuwar daga bakin wani yaro aka karkatar da shi.

Kuɗin jigila yana da tsada, kuma ana yanka shi da sefa a karɓa da sidi bisa canjin ranar, don haka gara a daidaita a rubuce kafin a loda. Wanda gero ko dawa yake son dangi su samu, ya aika musu kuɗi su saya a can ya fi masa sauƙi, tun da yanzu an buɗe hanyoyin tura kuɗi. Ofishin ya fi dacewa da kwamitin da zai tara busassun kayan da suka fi araha a Gana, ya aika tun da sauran lokaci kafin azumi, ya kuma karɓi lambar direba tun a tasha.