Kumburin jijiyoyin ƙafa: wane likita ya kamata ka gani?

Jijiyoyin da ke tasowa a murɗe a dambubu, matsalarsu daga ciki take. Akwai 'yan ƙofofi a cikin jijiya da ke hana jini komawa ƙasa. In suka saki, sai jinin ya taru, ƙafa ta yi nauyi da yamma, idon sawu ya kumbura. Don haka ma'aunin farko wajen zaɓen likita shi ne: likitan zai yi maka hoton dofla, wato hoton da ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya, kafin ya taɓa ka? Ana yin hoton ne kana tsaye, a matsa dambubu a saki. In jini ya koma baya fiye da rabin daƙiƙa, ƙofar ta lalace.

Likitan gama-gari, wato mai duba kowace irin cuta, shi ne mafari. Zai duba ko kumburin daga zuciya ko ƙoda yake, ya kuma auna jinin da ke isa ƙafa kafin ya rubuta safa mai matsewa, domin safar tana cutar da wanda hanyoyin jininsa suka tsuke.

Likitan tiyatar jijiyoyin jini ya fi kowa kayan aiki. Yana iya zura siririn bututu ya ƙona jijiyar da hasken lesa ko da zafi mai kai digiri 120, ko ya toshe ta da gam, ko da allurar kumfa, ko ya zare ta ta hanyar tiyata. Ƙonawar ba ta bukatar a sa ka barci, kashe wurin kawai ake yi, kuma ranar za ka taka ka koma gida. In fatar idon sawu ta fara duhu da tauri, ko gyambo ya yi mako 2 bai warke ba, ko jijiyar ta taɓa fashewa, wurinsa za ka nufa. Likitan hoto, wanda ke aiki ta cikin jijiya yana kallon hoto, shi ma ya iya ƙonawar da kuma allurar kumfa, sai dai ba ya yanka.

Likitan fata kuwa ya dace da 'yan siraran jijiyoyi masu kama da saƙar gizo. Amma in babbar jijiyar cinya ce ke zubo da jini, yi wa siraran allura ɓata kuɗi ne, za su dawo.

Mai juna biyu ta dakata da yin aikin, yawanci jijiyoyin suna raguwa bayan haihuwa. Kumburin ƙafa ɗaya farat ɗaya da zafi kuma na gaggawa ne, yana iya zama gudan jini a jijiyar can ciki.