Hattara da mai tallan "Sega orijina, sabuwa dal a kwali"

Jama'a, na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi mutum da furfura a gemu ya fito ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa a kan kayan wasan yara. To amma shekaranjiya wani abokina ya turo mini tallan nan yana tambaya ko ya saya. Ina dubawa na ga hoton nan dai ne, na'urar a kan jan kafet ɗin nan, sunan shafin kawai aka sauya. Shirun ya isa haka.

Mutumin yana talla a Facebook, daga nan ya ja ka WhatsApp. Abin da yake cewa shi ne yana da Sega Mega Drive orijina daga Japan, ba a taɓa buɗe ta ba, da gem 5,000 a cikinta. Ni ƙuruciya ce ta ja ni. Duk wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san zaman bencin gidan gem, kana damƙe da kuɗin tara kana jiran wanda aka cinye ya miƙo maka hannu. Na so yarana su ga Sonic da Mortal Kombat yadda muka gan su.

Bakinsa kamar zuma. "Alhaji, biyu suka rage, kuma akwai wanda ya ce a ajiye masa ɗaya." Na ce a kawo in gani in biya, ya ce an sha cutarsu, sun daina. Na nemi bidiyo, ya turo Sonic yana gudu a talabijin, ga na'urar a gefe. Sai daga baya na lura ko sau ɗaya bai nuna wayar da ta haɗa su ba. Sunan da ke kan akawun ɗin ma ba nasa ba ne, wai na ƙanwarsa ne. Duk na ga wannan, na tura naira 48,000 da kuɗin mota. Cinikin biri a sama, da idona biyu.

Kayan sun iso, kuma a nan wayon nasa yake. Ba ya gudu da kuɗi kai tsaye, yana aiko maka da wani abu, yadda ko ƙara ka kai zai ce ai ya ba da kaya. Bayan kwana uku direba ya kira ni daga tasha. Kwali mai kyau, na'ura baƙa mai siffar Mega Drive 2, wato samfurinta na biyu, har da ɗan nauyinta a hannu. Na jona, yara sun kewaye ni. Sai ga jerin sunaye a kan shuɗin allo, na farko Super Mario. Gabana ya faɗi. Mario na Nintendo ne, kuma a zamanin nan Sega da Nintendo kishiyoyi ne, Sega ba ta taɓa fitar da Mario a Mega Drive ba. Na gangara ƙasa: Contra, Tank, harbin agwagi, sai kuma su sake dawowa da wasu sunaye. Gem ɗin gaske da ke ciki ba su fi talatin ba. Akwai wani abu da aka kira Sonic, amma kalarsa a koɗe, tafiyarsa kamar mai ciwon ƙafa, kuma babu muryar nan mai cewa "Segaa" da ke tarbar ka a farkon na ainihi.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda ya gyara irin waɗannan tun suna yayi. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Ɗana, nawa ka ba su?" Na faɗa. Bai ce komai ba, ya ɗauko sukundireba. Da murfin ya tashi, cikin fayau yake kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ɗan fanel ne guda wanda bai kai tafin hannu ba, a tsakiyarsa wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. A gefe kuma guntun ƙarfe ne aka manne da gam. Baba ya ɓamɓaro shi ya ɗora mini a hannu ya ce, "Ga nauyin da ka ji."

Baƙin ɗigon nan shi ne na'urar gaba ɗaya. Kwaikwayon Famicom ne, wato na'urar Nintendo ta 1983 mai 8-bit, aka matse ta a ƙwaya ɗaya aka sa mata rigar Sega. Ita Mega Drive ta gaskiya 16-bit ce, wato ta fi waccan ƙarfi, kuma cikinta a cike yake. Samfurin farko yana da ƙwaƙwalwa Motorola 68000, doguwar aisi (ƙwayar lantarki) mai ƙafa 64, ga Zilog Z80 yana taimaka mata wajen sauti, ga Yamaha YM2612 wadda ita ke ba da kiɗan nan mai gurnani da kowa ke gane Sega da shi. A samfuri na biyu an haɗe wasu daga cikinsu a babbar aisi mai ɗauke da sunan SEGA, amma fanel ɗin yana nan da faɗinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi, tarihin na'urar kaɗai ya isa ya tona tallan, kuma na san shi. Mega Drive ta fito a Japan a Oktoban 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta isa Turai a 1990. Ƙaramar, Mega Drive 2, ta zo a 1993. Kafin shekarun 1990 su ƙare Sega ta daina ƙera ta, a 2001 kuma ta bar sana'ar ƙera na'urorin gida ɗungurungum bayan na'urarta ta ƙarshe, Dreamcast. To ina wani zai samo sababbi dal, yau biyu sun rage, wata mai zuwa ma biyu sun rage? Wadda ba a taɓa buɗewa ba tun wancan zamani kayan masu tara tsofaffin abubuwa ce, ba a wannan farashin ake sayar da ita ba. Sannan ta asali ba ta zuwa da gem ko ɗaya a cikinta, sai ka sa kaset. Duk gem ɗin da aka fitar mata da izinin Sega ba su kai 1,000 ba, balle 5,000.

Ba sai ka buɗe ciki ba ma. Ka ce a nuna maka bayanta. Ta asali ramin wayar hotonta zagaye ne mai ƙananan huji a ciki, ba ta da ramukan nan rawaya da fari a jere irin na bidiyo, tawa kuwa su ne a jiki. Ba HDMI, ba USB, ba wurin memori. Samfurin farko yana da wurin sa iyafis a gaba da abin ja na ƙara sauti, na biyu ba shi da su. Bakin kaset na Sega haƙora 64 ne, na Famicom 60, don haka kaset ɗin Sega na gaske ba zai zauna a jabun ba. Kada ramin jona hannun gem ya ruɗe ka, don jabun ma mai ƙafa tara suke sawa, iri ɗaya a ido.

Don a yi adalci, ba duk sabuwar da ka gani ce damfara ba. Kamfanin Tectoy na Burazil ya daɗe yana ƙera ta da izinin Sega. Ita Sega da kanta ta fitar da Mega Drive Mini a 2019, 'yar ƙarama mai HDMI da gem 42 a ciki, ba ta cin kaset. Akwai kuma kwaikwayo masu 16-bit da ke karɓar kaset ɗin Sega, sai dai sau da yawa kiɗan yana fita a karkace. In an gaya maka abin da kake saya, aka yi maka farashinsa, ba wanda ya cuce ka. Laifin mutumin nan shi ne kiran jaki doki, ya karɓi kuɗin doki.

Baba ya ƙara mini da wani abu da ya kamata masu neman ta hannu su sani. In da gaske daga Japan take, adaftarta ta wuta mai ƙarfin volt 100 ce, ta Amurka kuma 120, mu kuwa tamu ta haura 200. Ka soka ta kai tsaye a soket, sai dai ka ji ƙauri. Ya ce ya ga da yawa da suka mutu a daren da aka kawo su. Haka nan adaftar samfurin farko da ta na biyu ba ɗaya ba ce, kada wani ya yanke waya ya haɗa maka da ka.

Na koma wa mutumin da hoton ƙarfen a tafin hannuna. Da farko ya ce wai "sabon samfuri" ne, sannan ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren kwali, in mayar a canza mini amma in turo kuɗin mota tukuna. Na ce ya fara maido rabin kuɗina. Kafin la'asar ya yi bulokin ɗina. Na kai rahoto banki da duk hotunan hirarmu, na kuma kai ƙarar shafin. Waɗanda ke ƙarƙashin tallan suna rubuta "na karɓi tawa, Allah ya ƙara kasuwa", na bi su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba su da hoto ba su da abokai, kuma su ɗin dai ne suka sake bayyana a sabon shafin da kalmominsu iri ɗaya.

Abokina ya tura masa saƙo jiya cewa yana so, amma a yi kiran bidiyo a juya masa bayan na'urar, a sa kaset yana kallo. Har yanzu saƙon yana nan da alamar an karanta, ba amsa.