Bonusly, manhajar "na gode" ta wajen aiki: tana da amfani amma ba za ta yi wa oga aikinsa ba

Bonusly manhaja ce da kamfani ke biya don ma'aikatansa su riƙa gode wa juna a fili kowa na gani. Wani kamfanin Amurka ne ya ƙirƙiro ta tun 2012, kuma ana iya haɗa ta da Slack ko Microsoft Teams, wato a inda kuke hirar aiki nan za ka tura godiyarka, ba sai ka je neman wani shafi ba. Mun ɗan kwana biyu muna amfani da ita a wajen aikinmu, ga abin da na gani.

Yadda take aiki ba wuya. Duk farkon wata ana zuba wa kowa maki, amma wannan makin ba naka ba ne, na rabawa ne, ba za ka iya kashe shi a kanka ba kuma in wata ya ƙare baka raba ba shikenan ya tafi. Za ka rubuta yawan makin, ka sa sunan mutum, ka faɗi abin da ya yi maka, sannan ka liƙa alamar # da ɗaya daga cikin ɗabi'un da kamfanin ya ce yana so, irin su haɗin kai ko kula da kwastoma. Wanda ya gani ya ji daɗi zai iya ƙara nasa makin a kai. Makin da aka ba ka kuma shi ne kake tarawa ka canza shi da katin sayayya ko ka ba da shi sadaka ga wata ƙungiyar agaji.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne yadda ta fito da mutanen da ba a ganin aikinsu. Kowane ofis akwai su, mai gyara kwamfuta da ba a tuna shi sai intanet ta ɗauke, mai haɗa lissafin albashi da ba a kiran sunanta sai an samu kuskure, wanda ke zama ya koya wa sabon ma'aikaci aiki alhali ba a rubuta masa hakan a takardarsa ba. Oga ba ya ganin irin wannan don ba a gabansa ake yi ba, abokan aiki su ke gani, kuma da can ba su da inda za su faɗa sai dai "sannu da ƙoƙari" a bakin ƙofa ya wuce. Yanzu abin yana rubuce, kuma na lura wadda aka ambaci sunanta sau biyu sau uku sai ka ga ta fara magana a mitin, tana kawo shawara, abin da da ba ta yi.

Ba mamaki sha, domin cikin tambayoyi 12 da Gallup, wani kamfanin bincike na Amurka, ke yi wa ma'aikata don auna ko zuciyarsu na kan aikinsu, akwai wadda ke tambaya ko a cikin kwana bakwai da suka wuce an yaba maka kan aiki mai kyau da ka yi. Kwana bakwai fa, ba shekara ba. To ka kwatanta da wuraren da sai ƙarshen shekara ake kiran mutum ɗaya a miƙa masa lambar yabo a ɗauki hoto. Kuma alƙaluman Gallup ɗin na 2024 sun nuna kashi 21 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan duniya suka sa ransu a aikinsu da gaske, sauran dai suna zuwa suna tafiya.

Inda nake da ja shi ne batun makin kansa. Da zarar godiya ta zama abin da ake canzawa da kaya, sai lissafi ya shigo. Ka duba kwanakin ƙarshen wata ka ga yadda saƙonni ke zubowa, "na gode da komai", "kina da kirki", kowa na rige-rigen juye makinsa kafin ya ƙone, wasu kuma sun koma ba-ni-in-ba-ka, abokai biyu na ta jefa wa juna. Wannan ba laifin manhajar ba ne kai tsaye, halin ɗan Adam ne, amma tsarin ya buɗe masa ƙofa. Tun 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Deci, ya gwada ya ga in ka biya mutum kuɗi kan abin da yake yi don sha'awa, sha'awar na raguwa idan aka janye kuɗin, alhali yabon baki bai yi wannan ɓarnar ba. Shi ya sa ni a ganina gara a bar darajar makin ƙanƙanuwa, rubutun ya zama shi ne babban abin. Saƙon da ya ce "kin zauna har bayan tashi kin gyara rahoton nan, shi ya sa ban ji kunya gaban kwastoma ba" ya fi maki ɗari da aka jefo ba bayani.

Sai kuma ogoginmu. Akwai wanda tunda aka kawo manhajar ya ɗauka an sauke masa nauyi, zai tura maki amma in kun haɗu ido da ido ko kallon arziki babu, kuma ma'aikata ba yara ba ne, suna ganewa. Gallup ɗin dai sun ce kusan kashi 70 na bambancin himma tsakanin wannan rukunin ma'aikata da wancan daga manaja yake fitowa. Haka kuma in albashi na makara ko aiki ya yi wa mutane yawa an ƙi ɗaukar ƙarin hannu, kada ma a soma kawo ta, za a ɗauke ta a matsayin rainin hankali ne, ana bin ku bashi kuna raba maki.

Wani abu ƙarami, ba kowa ke son a yabe shi a gaban taro ba, akwai masu kunya da za su fi son ka same su su kaɗai ka faɗa musu. Kuma kafin ku biya ku duba jerin katunan sayayyar da ke aiki a ƙasarku, domin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Kamfanin da ma'aikatansa ke warwatse, wasu na aiki daga gida wasu a wani reshe, ba sa ganin wahalar juna, nan za ta yi amfani sosai. In kuwa ku ƴan kaɗan ne a ɗaki ɗaya kuna jin numfashin juna, ku riƙe kuɗinku, tunda biyan na kowane ma'aikaci ne duk wata. Masu Teams ma su fara gwada Praise da ke cikinta, ba maki ba katin sayayya, yabo ne zalla, in mutane sun riƙe shi na ƴan watanni sai a yi maganar Bonusly.